Tarihin Binciken Niyandawa: Daga Kogon Feldhofer Zuwa Kundin Gado

1.0 GABATARWA

Fiye da shekara 160 ke nan masana suna muhawara a kan wasu mutane da suka zauna a Turai da yammacin Asiya tun daga wajen shekara 400,000 da suka wuce, suka kuma ɓace kimanin shekara 40,000 baya. Mutanen nan ba su bar rubutu ba, ba su bar kufan gari ba, ba su kuma bar wani maroƙi ko mai tatsuniya da zai ba da labarinsu ba. Abin da suka bari shi ne ƙasusuwa da makaman dutse da tokar murhu, daga baya kuma aka gano cewa sun bar wani abu a jinin mutanen da ke raye a yau. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin yadda ilimi game da su ya samu, da matakan da ya bi, da dalilan da suka sa hukuncin masana ya yi ta sauyawa. Batun ya shafi manazarta harshe da al'adu ta fuska biyu. Ta farko ita ce tambayar ko mutanen nan suna magana, ta biyu kuwa ita ce yadda akan yanke wa al'umma guda hukunci daga shaida ƙalilan.

2.0 SUNAN DA ASALINSA

Sunan da Turawa ke kiran su da shi, wato Neanderthal, sunan wani kwari ne kusa da birnin Düsseldorf a ƙasar Jamus. An raɗa wa kwarin sunan Joachim Neander, wani malamin coci mai tsara waƙoƙin addini wanda ya rayu daga 1650 zuwa 1680. Asalin sunan gidansu Neumann ne, ma'ana "sabon mutum", sai magabatansa suka juya shi zuwa harshen Girkanci kamar yadda masu ilimi na wancan zamani suka saba yi. Ɗafin "thal" kuwa kalmar Jamusanci ce mai nufin kwari, wadda aka mayar da rubutunta "Tal" bayan gyaran ƙa'idojin rubutu na 1901. Saboda sauƙin furuci, a wannan maƙala za a bi ƙa'idar Hausa ta gina sunan asali, irin ta Bakano da Kanawa ko Bakatsine da Katsinawa, a kira namiji Baniyande, mace Baniyandiya, jam'i kuma Niyandawa.

3.0 ƘASUSUWAN FARKO DA GARDAMAR DA SUKA JAWO

A watan Agusta na 1856 wasu leburori masu fasa dutsen farar ƙasa suna kwashe laka daga wani ƙaramin kogo mai suna Feldhofer, sai suka ci karo da rufin ƙoƙon kai da waɗansu ƙasusuwa masu kauri. Da fari an zaci na beyar ne. Da aka kai wa wani malamin makaranta, Johann Carl Fuhlrott, sai ya gane na mutum ne, amma mutum wanda ƙirarsa ta saɓa da ta mutanen yanzu. Shi da Hermann Schaaffhausen, masanin ƙirar jiki na Jami'ar Bonn, suka gabatar da ƙasusuwan ga taron masana a 1857. Ba waɗannan ne ƙasusuwan Niyandawa na farko da aka tono ba, domin an samu ƙoƙon kan wani yaro a Engis ta Beljiyam wajen 1829, an kuma samu wani ƙoƙon a Jibralta a 1848, amma duka biyun an ajiye su ba a san ko na wane ne ba.

Shekara uku bayan abin da ya faru a Feldhofer, wato 1859, littafin Charles Darwin kan asalin ire-iren halittu ya fito, saboda haka gardamar ta faɗo cikin wata gardama da ta fi ta girma. August Mayer, wani masanin ƙirar jiki na Bonn, ya ce ai wannan gawar wani barde ne daga dakarun Rasha da suka biyo rundunar Napoleon a 1814, ya ji rauni ya rarrafa cikin kogo ya mutu. A ganinsa yawan hawan doki ne da ciwon ƙashi na ƙuruciya suka tanƙwara cinyoyinsa, zafin ciwo kuma ya sa ya yi ta ɗaure fuska har ƙashin girarsa ya yi tudu. Rudolf Virchow, wanda ba a ja da shi a fagen ilimin cututtuka a Jamus, ya duba ƙasusuwan a 1872 ya ce na mara lafiya ne kurum. Thomas Huxley a Ingila ya amince da cewa ƙoƙon na mutum ne mai lafiya, sai dai ya jera shi tare da ƙoƙunan mutanen asali na Ostireliya. Wannan kwatance yana nuna irin tunanin da ke tashe a lokacin, na jera jinsunan 'yan Adam hawa hawa, Bature a bisa, sauran jama'a a ƙasa. William King kuwa, malami a Galway ta ƙasar Ailan, shi ne ya ce nau'in mutum ne dabam, ya kuma wallafa sunan kimiyya na Homo neanderthalensis a 1864.

Abin da ya kashe maganar rashin lafiya shi ne yawaitar shaida. A 1886 an tono ƙwarangwal biyu a kogon Spy na Beljiyam masu irin wannan ƙira, tare da makaman dutse da ƙasusuwan dabbobin da suka ƙare tuni, kamar giwa mai gashi da karkanda mai gashi. Daga 1899 zuwa 1905 kuma Dragutin Gorjanović-Kramberger ya haƙo gutattsarin ƙasusuwa kusan 900 a Krapina ta Kuroshiya. Ba zai yiwu a ce duk waɗannan mutane ciwo ɗaya ne ya nakasa su ba.

4.0 TSOHON LA CHAPELLE DA HOTON DA AKA YI MASA

A 1908 wasu limaman coci, 'yan'uwan juna masu suna Bouyssonie, sun tono ƙwarangwal kusan cikakke a wani kogo a La Chapelle-aux-Saints ta Faransa. Aka aika da shi birnin Faris wurin Marcellin Boule, wanda ya wallafa nazarinsa tsakanin 1911 da 1913. Boule ya siffanta Baniyande a matsayin halitta mai tafiya a duƙe, gwiwoyi a tanƙware, kai a zube gaba, babban yatsan ƙafa a ware kamar na biri. Tun kafin nazarin ya kammala, wata mujallar Faransa ta buga zanen da František Kupka ya yi a 1909, wanda ya nuna shi da gashi buzu-buzu yana laɓe a bakin kogo. Wannan hoto ne ya shiga littattafan makaranta da gidajen tarihi, har sunan ya zama zagi a harsunan Turai, ana jifan wawa ko mara tausayi da shi.

Akwai dalilan da suka sa hoton ya samu karɓuwa. A 1912 an ba da sanarwar gano wani ƙoƙon kai a Piltdown ta Ingila mai babbar ƙwaƙwalwa da muƙamuƙin biri, aka ɗauka shi ne kakan Turawa na gaskiya, don haka babu bukatar a haɗa zuriya da Baniyande. Sai a 1953 aka tabbatar cewa ƙoƙon Piltdown jabu ne, wani ne ya haɗa ƙashin mutum da na biri ya rina su. Shekara huɗu bayan haka, a 1957, William Straus da Alexander Cave suka sake duba ƙwarangwal ɗin La Chapelle. Suka nuna cewa mutumin dattijo ne bisa ma'aunin zamaninsa, amosanin gaɓɓai ya ci ƙashin bayansa, yawancin haƙoransa kuma sun zube tun yana da rai. Boule ya ga alamun ciwon, amma bai ba su nauyin da ya kamata ba. Ra'ayin masanan biyu shi ne, da za a yi wa Baniyande wanka da aski a sa masa tufafin zamani, zai shiga jirgin ƙasa a Niyu Yok ba wanda zai waiwaye shi. Wato dai kusan shekara 50 aka yi ana kallon al'umma guda ta jikin tsoho ɗaya mai ciwon baya.

5.0 ƘIRAR JIKI

Yanzu da aka samu ƙasusuwan ɗaruruwan mutane daga Jibralta har zuwa duwatsun Altai na Saibiriya, an san ƙirarsu sosai. Gajeru ne kakkaura. Namiji yakan kai wajen santimita 165, mace kuma wajen 155. Ƙirjinsu faffaɗa ne, haƙarƙari a buɗe, ƙaurinsu da gaban hannunsu gajeru ne idan aka gwada da cinya da dantse. Irin wannan ƙira tana rage fitar zafin jiki, ana kuma ganin kamarta a jikin al'ummun da ke zaune a ƙasashen ƙanƙara a yau. Ƙoƙon kansu dogo ne daga goshi zuwa ƙeya, ba shi da tudu a bisa, ƙashin gira ya turo, hanci babba ne, tsakiyar fuska ta miƙo gaba, haɓa kuma babu ita. Haƙoran gaba sukan side ƙwarai, abin da ke nuna suna riƙe fata ko nama da baki yayin da hannuwa ke aiki.

Abin da ya fi ba masanan farko wahalar haɗiyewa shi ne girman ƙwaƙwalwa. Cikin ƙoƙon Baniyande yakan ɗauki kusan lita ɗaya da rabi, wanda ya yi daidai da na mutumin yau, wani lokaci ma ya ɗara. Sai dai siffar ta bambanta, tasu miƙaƙƙiya ce, ta mutumin yau kuwa kewayayyiya. Har yanzu ana muhawara kan ko wannan bambanci na siffa yana da wani tasiri a kan tunani.

Ya kamata a lura cewa ba a taɓa samun ƙashin Baniyande a Afirka ba. Ƙoƙon da aka tono a Jebel Irhoud ta Maroko a 1961 an daɗe ana yi masa kallon Baniyanden Afirka, amma nazarin da aka wallafa a 2017 ya nuna shekarunsa sun kai wajen 300,000, kuma yana cikin magabatan mutanen yau ne. Hausawa na cewa kama da wane ba ta wane.

6.0 YADDA SUKA RAYU

Makaman dutsen Niyandawa ba fashe-fashen banza ba ne. A dabarar da ake kira Levallois, mai sassaƙa yakan fara gyara dunƙulen dutse ta kowane gefe, sa'an nan da bugu ɗaya ya ɓalle ɓangaren da ya riga ya tsara siffarsa, abin da ke bukatar mutum ya hango ƙarshen aiki tun daga farkonsa. Suna ɗaura irin waɗannan tsinaye a ƙota da wani baƙin danƙo mai kama da kwalta, wanda suke samu ta hanyar gasa ɓawon wata itaciya. An samu irinsa a Campitello ta Italiya mai shekara wajen 200,000. A Abri du Maras ta Faransa an gano wani guntun igiya wanda tsawonsa wajen milimita 6 ne, aka wallafa labarinsa a 2020. Zare uku ne na ɓawon itace, an murza kowanne ta gefe ɗaya, sa'an nan aka tufke su ta ɗaya gefen, kamar dai yadda mai tufka yake yi don kada igiya ta warware. An kuma samu ƙasusuwan haƙarƙarin dabba da aka goge bakinsu domin laushin fata, irin aikin majema, da gatura na dutse masu alamun an yi ƙyastu da su.

Ta fuskar abinci, mafarauta ne na gaske. A Lehringen ta Jamus an samu mashin katako a 1948 tare da ƙasusuwan giwa, a Neumark-Nord kuma, duk a Jamus, an samu ƙasusuwan giwaye masu yawa da aka feɗe kimanin shekara 125,000 da suka wuce. Toron irin wannan giwa yana iya kai tan 13, naman da ba ƙaramin gungu ne zai iya cinye shi ko adana shi ba. Waɗanda ke bakin teku a Figueira Brava ta Fotugal suna cin ƙaguwa da kifi. Dauɗar da ta daskare a haƙoran mutanen kogon El Sidrón na Sifen ta nuna alamun tsire-tsire masu ɗaci da ba su da amfanin ci, waɗanda wasu masana ke ganin magani ne.

Shaidar da ta fi sauya ra'ayin jama'a ta fito ne daga kogon Shanidar a yankin Kurdawa na Iraƙi, inda Ralph Solecki ya yi haƙa daga 1951 zuwa 1960. Ɗaya daga cikin mutanen da ya tono ya samu mummunan bugu a gefen idonsa na hagu, hannunsa na dama ya shanye, ƙafarsa ta dama kuma tana da rauni, amma duk raunukan sun warke ya kuma rayu shekaru masu yawa bayansu. Mutum irin wannan ba zai rayu a cikin mafarauta ba sai da masu ciyar da shi. A wani kabari na kogon an samu garin furanni da yawa, aka ce an binne mamacin da furanni ne. Daga baya wasu masana suka nuna cewa ɓeraye masu haƙa rami ko ƙudan zuma za su iya kawo garin furen. Maganar furannin ta raunana ke nan, amma binne mamaci da gangan yana da shaida a nan da wasu wurare.

Akwai kuma abubuwan da ba a san manufarsu ba. A cikin kogon Bruniquel na Faransa, fiye da mita 300 daga ƙofa inda hasken rana ba ya kaiwa, an samu ɗaruruwan duwatsun kogo da aka kakkarya aka jera su da'ira, da alamun wuta a kansu, an kuma auna shekarunsu 176,500. A Krapina an samu akaifun gaggafa guda 8 masu alamun yanka da gogewa, waɗanda ake zaton abin wuya ne. Sai dai kada a mayar da Baniyande waliyyi bayan an gama mayar da shi dabba. A El Sidrón da Moula-Guercy ta Faransa an samu ƙasusuwan mutane da aka feɗe aka fasa don cire ɓargo, kamar yadda ake yi wa na dabbobi.

7.0 SHIN SUNA MAGANA?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kusa da masu ilimin harsuna. A 1971 Philip Lieberman, masanin ilimin furuci, da Edmund Crelin, masanin ƙirar jiki, sun gwada sake fasalta maƙogwaron Baniyande. Suka ce maƙwallatonsa yana can sama kamar na jariri, saboda haka ba zai iya furta wasulan /a/ da /i/ da /u/ ba, wasulan da kusan kowane harshe na duniya yake da su, har da Hausa. Abin lura shi ne ƙoƙon da suka dogara da shi, wato na tsohon La Chapelle ne dai. Masu suka sun nuna cewa in da maƙwallaton yana inda suka sa shi, da mutumin ba zai iya ko haɗiyar abinci ba.

A 1983 aka tono wani ƙwarangwal a kogon Kebara na Isra'ila wanda ke ɗauke da ɗan ƙashin nan da tushen harshe ke rataye a jikinsa. Da aka wallafa nazarinsa a 1989 sai aka ga kusan ba shi da bambanci da na mutumin yau. A 2007 kuma aka gano cewa Niyandawan El Sidrón suna da irin sauye-sauye biyu da mutumin yau yake da su a ƙwayar gado mai suna FOXP2, wadda idan ta samu naƙasu mutum kan kasa sarrafa gaɓoɓin furuci. Nazarin ƙasusuwan kunne na 2021 ya ƙara da cewa jinsu ya dace da zangon sautin da maganar ɗan Adam take amfani da shi, musamman na baƙaƙe.

Duk da haka, kowane ɗalibin harshe ya san cewa mallakar gaɓoɓin furuci dabam, mallakar harshe dabam. Ginin jimla da ma'ana ba sa barin alama a ƙashi. Shi ya sa masana suka rabu. Dan Dediu da Stephen Levinson sun kafa hujja a 2013 cewa harshe ya girmi rabuwar zuriyar Niyandawa da ta mutanen yau, yayin da Noam Chomsky da Robert Berwick ke ganin cewa harshe mai cikakken tsarin nahawu na mutumin yau ne kaɗai.

8.0 SHAIDAR SINADARIN GADO

Sabon babi ya buɗe ne da aka fara karanta sinadarin gado, wanda masana ke taƙaita sunansa da DNA. Ana iya kwatanta shi da kundi mai haruffa iri huɗu kacal, waɗanda aka jera har kimanin miliyan dubu 3, kowane mutum kuma yana gadon kofi ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Wahalar ita ce bayan mutuwa kundin yakan yayyage ya zama gutsi-gutsi, ƙwayoyin cuta na ƙasa su cakuɗa da shi, gumin hannun mai bincike ma ya isa ya gurɓata shi. Svante Pääbo, mutumin Suwidin, shi ne ya shafe shekaru yana neman hanyar shawo kan waɗannan matsaloli. A 1997 shi da ɗalibinsa Matthias Krings suka yanki ɗan guntu daga ƙashin dantsen mutumin Feldhofer na 1856, suka karanta haruffa 379 na wani sashen gado wanda ke bin tsatson uwa kaɗai. Jerin ya saɓa da na duk mutanen da ke raye, don haka mutane da yawa suka ɗauka cewa babu auratayya tsakanin zuriyoyin biyu.

A watan Mayu na 2010 ƙungiyar Pääbo a Cibiyar Max Planck ta Leipzig ta wallafa daftarin farko na cikakken kundin, daga ƙasusuwa uku na kogon Vindija a Kuroshiya. Suka gwada shi da na mutum biyar na yau: Bafaranshe, da mutumin Sin, da mutumin Papua, da Bayarabe, da mutumin San na kudancin Afirka. Hujjar mai sauƙi ce. Idan ba a taɓa yin auratayya ba, nisan Baniyande da dukkan biyar ɗin zai zama ɗaya. Sai aka ga ya fi kusa da ukun da ba 'yan Afirka ba. Tun da kuwa Niyandawa ba su taɓa zuwa Papua ba, lalle cuɗanyar ta faru ne tun da wuri, jim kaɗan bayan fitar wasu mutane daga Afirka, kafin su warwatsu a duniya. An fara ƙiyasta gadon da kashi 1 zuwa 4 cikin 100, daga baya aka daidaita shi a wajen kashi 2. Nazari biyu da aka wallafa a Disamba 2024 sun sa lokacin cuɗanyar a wajen shekara 47,000 da suka wuce.

Daga nan bincike ya yi ta haihuwa. Wani ɗan ƙashin yatsa daga kogon Denisova na Saibiriya ya bayyana wata zuriya dabam a 2010, wato Denisawa, 'yan'uwan Niyandawa na gabas. A 2018 aka gano cewa wani guntun ƙashi na kogon na wata yarinya ce wadda uwarta Baniyandiya ce ubanta kuma Badenise. Wani muƙamuƙi daga kogon Oase na Rumaniya, na mutum irin na yau mai shekara wajen 40,000, ya nuna cewa mai shi yana da kaka Baniyande a hawa na huɗu zuwa na shida kacal. An kuma ga cewa gadon yana aiki a jiki har yanzu, musamman ta fuskar fata da gashi da garkuwar jiki. A 2020 Hugo Zeberg da Pääbo suka nuna cewa wani sashen gado da ke ƙara tsananin cutar korona daga Niyandawa ya fito, yana jikin kusan rabin mutanen kudancin Asiya, amma kusan babu shi a Afirka. A 2022 aka ba Pääbo lambar Nobel ta fannin likitanci.

Bayan sakamakon 2010 an yi ta cewa ashe waɗanda suka daɗe suna kwatanta Baniyande da baƙar fata su ne ke ɗauke da jininsa. Laifi tudu ne, in ji Hausawa. Amma maganar ba ta tsaya nan ba, domin nazarin da ƙungiyar Joshua Akey ta Jami'ar Princeton ta wallafa a 2020 ya samu kimanin kashi 0.3 cikin 100 na wannan gado a jikin 'yan Afirka, ciki har da Yarabawa da Esan na Nijeriya. Wani ɓangarensa ya shigo ne ta hanyar mutanen da suka komo Afirka a zamanin da. Wannan ya nuna cewa babu wata al'umma da ta zauna a killace tun fil azal.

9.0 YADDA SUKA ƁACE

Awon shekaru da aka wallafa a 2014 daga wurare 40 ya nuna cewa al'adar makaman Niyandawa ta ƙare tsakanin shekara 41,000 zuwa 39,000 da suka wuce, bayan sun yi zaman tare da sababbin baƙi a Turai na 'yan dubban shekaru. An kawo dalilai da dama, kamar sauyin yanayi da gasar farauta da cututtuka, amma sinadarin gado ya fi nuni ga ƙarancin jama'a. Wata mace daga Altai da aka karanta kundinta a 2014, iyayenta dangi ne na kusa ƙwarai, kamar 'yan uba ko 'yan uwa ɗaya. A kogon Chagyrskaya na Saibiriya an gano uba da 'yarsa budurwa da wasu danginsu a 2022, aka ƙiyasta cewa gungun bai wuce mutum 10 zuwa 20 ba, mata ne kuma ke barin gidansu su koma wani gungu. Jama'a 'yan kaɗan masu warwatse kamar haka ba sai an yaƙe su ba, ƙaramin gibi tsakanin haihuwa da mutuwa ya isa ya ƙarar da su, sauran kuma su narke cikin baƙin da suka fi su yawa. Idan aka tattara guntayen gadonsu da ke warwatse a jikin mutanen yau, za a iya haɗa aƙalla kashi 20 cikin 100 na kundinsu.

10.0 KAMMALAWA

An ga yadda Baniyande ya tashi daga barde mara lafiya a hannun Mayer, ya koma dabba mai tafiya a duƙe a hannun Boule, sa'an nan mai jinya da binne mamaci a Shanidar, daga bisani kuma ya zama kaka. Ƙasusuwan Feldhofer da na La Chapelle ba su sauya ba a duk tsawon wannan lokaci. Abin da ya sauya shi ne yawan shaida, da kayan awo, da kuma zaton da mai dubawa ya zo da shi. Duk wanda ya karanta abin da Turawan mulkin mallaka suka rubuta game da harsuna da al'adun Afirka zai gane wannan salo na yanke hukunci, don a zamani ɗaya aka yi su, da ma'auni ɗaya.

Akwai kuma aikin da ya rage a wannan nahiya. Sanyin kogunan dutse na Turai da Saibiriya ne ya adana sinadarin gadon Niyandawa, zafi da laima kuwa suna lalata shi da sauri, shi ya sa tarihin mutanen da na Afirka ta Yamma bai samu irin wannan karatu ba. Ƙoƙon kan da Thurstan Shaw ya tono a Iwo Eleru kusa da Akure a 1965 shekarunsa wajen 13,000 ne kawai, amma nazarin 2011 ya samu siffofin mutanen da can can a jikinsa. Wani nazari na 2020 ya ce akwai alamun gadon wata tsohuwar zuriya da ba a san ƙashinta ba a jikin Yarabawa da Mende da wasu al'ummun yankin, ko da yake wasu masana sun fassara alamun ta wata hanya dabam a 2023. Warware wannan yana bukatar haɗin gwiwar masu haƙar kufai da masana gadon halitta da masana tarihin harsuna na jami'o'in yankin, da kuma kalmomin da za a koyar da ilimin da su a cikin harsunan gida.